Lambar da Balaraba Mai Kitso Ta Ƙi Faɗa

A Dilimi, in ka ce kana neman Balaraba, sai an tambaye ka wacce, don masu sunan sun fi biyar a layi guda. Amma in ka ce Balaraba mai kitso, ko mai keken da ya shigo unguwar jiya zai sauke ka a ƙofar gidan. Nan aka haife ta. Kakanta ya zo daga ƙasar Katsina aikin kuza tun zamanin Turawa, kuza ta ja baya, shi kuwa ya ce sanyin Jos ya karɓe shi, bai koma ba. Aure ma bai fitar da ita daga unguwar ba, layi uku kawai ta tsallaka zuwa gidan Malam Datti, mai awon katako a kasuwar Katako.

Tana 'yar shekara tara ta fara riƙe tsinken kitso a hannun wata maƙwabciyarsu Bayarbiya, Iya Kuburat, mace mai faɗa da saurin hannu. Iya Kuburat ba ta cika koyarwa da baki ba, ranƙwashi ya fi yawa. Amma akwai magana ɗaya da ta dinga nanata mata har ta zauna daram: "Kan nan ba naki ba ne. Ba ki san abin da yake ji ba. Ki tambayi mai shi." Shi ya sa duk wadda ta taɓa zama a gaban Balaraba ta san tsarinta. Ta yi tsaga, ta ja layi biyu, sai ta ranƙwafo ta ce, "Ya yi zafi?" Ta ƙara uku, ta sake tambaya.

Kuma kada Allah Ya sa ki yi mata kara. Akwai wata malamar firamare da ta taɓa cije leɓe aka gama mata shuku tana cewa babu zafi, alhali hawaye na bin kuncinta ta gefen da Balaraba ba ta gani. Kwana uku ƙuraje suka feso mata a gaban goshi, gashin wurin ya bi su. Da labari ya iso, Balaraba ta zari mayafi ta bi ta har gida, kuma ba haƙuri ta je bayarwa ba. "Ke da bakinki, malama guda! Ni na shiga kanki ne? In ba ki faɗa ba, ta ina zan sani? Kin ɓata goshinki, kin ɓata mini aiki." Sai da ta sauke faɗan tas sannan ta fito da man kaɗanya ta zauna tana shafa mata.

Haka ta yi shekara arba'in da 'yan kai. Ba ta yi kuɗi ba, ba ta kuma taɓa kwana da yunwa ba. Tabarma a gindin bishiyar gwaba, kujera 'yar tsugunno, mataji da tsinke a cikin tsohon gwangwanin madara, rediyo na surutu a kan taga. Jajibirin Sallah sai an bi layi, ranar Asabar kuwa ta 'yan coci ce. Da kitson nan ta yi wa 'yarta Kubra kayan ɗaki da za a kai ta Bauchi. Malam Datti mutum ne da in ya yi magana goma a wuni to ranar ya yi surutu, ita kuwa takan yi tasa ta haɗa da tata, sai zaman ya yi daidai. In ya dawo da yamma da tef ɗin awo a aljihu da ƙunshin tsire a hannu, ta juye masa labarin duk kawunan da suka ratsa hannunta, shi yana gyaɗa kai.

Cikin masu zuwa mata babu kamar Omowunmi, Maman Bisola, mai shagon kayan ɗinki a unguwar Congo-Russia. A Jos aka haife ta ita ma, Hausa a bakinta har da ta zagi. Shekara ashirin da shida babu hannun da ya taɓa kanta sai na Balaraba. Ko a lokutan da gari ya yi zafi kowa ya tsaya unguwarsu, da an ɗan lafa ita ce ta farkon da ke ɗaura ɗankwali ta tsallako. Suna kitso suna faɗa a kan wa ya fi iya miyar agushi, har yau ba a raba gardamar ba.

Balaraba na da shekara hamsin da ɗaya abin ya fara, cikin damina, lokacin gasasshiyar masara. Tafin hannu ne ya fara ƙaiƙayi, sai tafin ƙafa, sai gadon baya. Babu ƙurji, babu tabo, fata lafiya lau. Ta canza sabulu. Ta yi wanka da ganyen darbejiya har ta gaji da ɗacinsa. Wata ta ce busasshen kifi ne, ta daina ci; wata ta ce wake ne, shi ma ta bari. Malam Datti ya ɗauka garin katakon da yake kwasowa a riga ne, bawan Allah sai ya koma canza kaya a zaure kafin ya shigo, wata shida yana haka. Duk a banza. Ƙaiƙayin ba a saman fata yake ba, can ciki yake inda farce ba ya kaiwa. Ta tara totuwar masara a kwando tana gurzar ƙafa da ita har sai ta ga jini. Barci kuwa ya zama abin da take jin labarinsa a bakin mutane.

To, mai kitso hannunta cikin kan mutane yake. Ta yi ta dannewa, ta yi layi ɗaya ta faki ido ta goga tafin a cinya. Ranar da asiri ya tonu, wata baƙuwa ce ta waiwayo ta gan ta tana sosa tafin hannu da tsinken kitso. Matar ta miƙe zumbur. Ta dai tuna wai ta bar tukunya a wuta, ta ɗaura ɗankwali a kan rabin kitso ta fita, ba ta dawo ba. Daga nan sai uzuri ya yi yawa a unguwa. Wannan ta yi baƙi, waccan kanta na ciwo. Babu wadda ta ambaci ƙazwa a gabanta, amma Balaraba ba yarinya ba ce. Da kanta ta naɗe tabarmar, ta tura gwangwanin madarar ƙarƙashin gado. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ya fi ƙaiƙayin ma ciwo.

Omowunmi kaɗai ta ƙi yarda. Ta zo ta zauna ta kwance ɗankwali, Balaraba ta ce ba za ta iya ba, ba za ta sa hannun da ke zubar da jini a kan mutum ba. Omowunmi ta ce to shi ke nan, ita ma babu wadda za ta kai wa kanta. Ta je ta sayo hular gashi ta kifa, tana wanke nata ta cusa a ƙarƙashi. Kullum ta zo sai ta yi mitar zafin hular, don dai a san tana jira.

A babban asibiti ne aka gano bakin zaren, bayan an ɗebi jininta ya fi sau nawa. Likitan hanta, Dakta Badung, ya zana mata hoto a bayan takarda. Ya ce 'yan ƙananan hanyoyin da ruwan matsarmama ke bi a cikin hantarta ne suka lalace, ruwan ba ya fita yadda ya kamata, shi ke taruwa a jiki ya tayar da ƙaiƙayi. Duk bayanin nan abu ɗaya ta tsinta a ciki.

"Likita, ana ɗauka?"

"Ba a ɗauka, Mama."

"Ko na sa hannu a kan mutum?"

"Ko kin wuni kina sawa."

Ta yi hamdala har sau uku. Aka ba ta maganin hantar, aka haɗa mata da wani gari da ake damawa a ruwa saboda ƙaiƙayin, mai kama da yashi a maƙogwaro. Ta sha da haƙuri. Hantar dai likita ya ce ta ɗan natsu, amma ƙaiƙayi ko gezau. Aka gwada wata ƙwayar, ita ma haka. Shekara biyu cur tabarma na naɗe.

Ana nan sai Dakta Badung ya ce akwai wani sabon magani da ake gwadawa saboda irin wannan ƙaiƙayin, asibitinsu na cikin masu gwajin, in tana so a duba ko za ta shiga. Ya haɗa ta da nas ɗin da ke kula da aikin, Sista Immaculata, yarinya mai fara'a da ba ta wuce sa'ar Kubra ba. Ita ta karanta mata takardun da Hausa, Malam Datti na gefe yana saurare. Ta ce magani ne da ba a gama tabbatar da shi ba. Rabin mutane za a ba su na gaske, rabi a ba su ƙwaya mai kama da shi wadda babu komai a cikinta, kwamfuta ce ke rabawa, ita da likita ma ba za su san wa ya sami wanne ba. Ta ce duk ranar da Mama ta ga dama tana iya fita, babu mai jin haushinta.

"Amma kafin nan akwai mako biyu na awo," in ji ta. "Ƙaiƙayi ba ya fitowa a jini, ba ya fitowa a hoto. Ke kaɗai kika san girmansa. Kullum ƙarfe takwas na safe zan kira ki, ki ba ni lamba. Sifili, babu ƙaiƙayi sam. Goma, wanda babu na gaba da shi. Sai wanda nasa ya yi tsanani ake ɗauka."

Balaraba ta ce ai wannan mai sauƙi ne, ta dangwala hannu.

Washegari ƙarfe takwas daidai waya ta yi ƙara. Malam Datti ya riga ya fita kasuwa. Tana zaune bakin rijiya, ƙafafu cikin bokitin ruwan sanyi, idanu sun yi jawur.

"Mama, ina kwana? Yaya jiki?"

"Lafiya lau, Sista. Jiki da sauƙi, Alhamdulillahi."

"Madalla! To lamba nawa yau?"

Mu dai mun san halinmu. Mara lafiya a wurinmu ba ya cewa babu sauƙi. Mahaifiyar Balaraba da safen ranar da za ta rasu, masu dubiya na tambayarta jiki tana ce musu da sauƙi, kuma har yau ana yabonta da wannan. Godiya ce ga Allah, kara ce kuma ga wanda ya tako ya zo duba ka. To ga yarinya ta tashi da sassafe ta kira, murya cike da murna. Ga shi yanzun nan bakin nan ya gama cewa da sauƙi, Alhamdulillahi. Da wane bakin kuma za a ce tara? Sannan ta tuna waɗanda ta gani a asibiti, wani an yanke masa ƙafa, wata ciki ya kumbura ba ta iya tashi. In ita mai tafiya da ƙafarta ta kwashe tara, su a bar musu nawa?

"Uku," ta ce.

Gobe ma uku. Jibi da Sista ta ce tana ta yi mata addu'a, sai ta ji nauyi ta rage zuwa biyu. Haka aka yi kwana goma sha huɗu, tana ba da lamba da hannu ɗaya, ɗayan na riƙe da totuwa. A ranta ba ta ɗauke shi ƙarya ba sam. Ladabi ne, irin wanda aka tarbiyyantar da ita a kai. Maganar da aka yi mata ta tsanani kuwa ta ɗauka ai likita ya riga ya gani da idonsa, kiran nan cika ƙa'ida ne kawai.

Ranar da ta koma asibiti, Sista Immaculata ta juya takarda ta sake juyawa. "Mama, lambobinki sun yi ƙasa. Yadda kika faɗa, naki bai kai wanda ake nema ba. Ba za mu iya sa ki ba." Ta ɗan dubi hannayen Balaraba, kamar za ta ƙara magana, sai kuma ta ce, "Amma ai abin godiya ne, tunda yana sauƙi."

"Haka ne. Na gode, Allah Ya yi albarka."

Kun ji fa. Ko a nan ba ta iya buɗe baki ba. Ta hau keke ta dawo gida, tana goga tafin ƙafa a ƙarfen kujera har Dilimi. Ta ce wa Malam Datti sun ce ba ta dace ba. Ya ce Allah Ya sa haka ne mafi alheri.

Ranar Asabar Omowunmi ta zo da lemo a leda, tana ɗokin jin yadda aka yi. Balaraba ta ba ta labari sama-sama. Omowunmi 'yar kasuwa ce, ba a yi mata sama-sama.

"Tsaya, Maman Kubra. Lamba nawa kika ce musu?"

"Uku. Wata rana biyu."

"Cikin nawa?"

"Goma."

Omowunmi ta dubi kwandon totuwa. Ta dubi ƙafafun ƙawarta da suka sha gurza har suka yi baƙi. Sai ta kai hannu ta tuɓe hular gashin ta jefar a ƙasa, ta miƙe tsaye ta riƙe ƙugu.

"Ke da bakinki, uwar mata guda! Yarinyar nan ta shiga jikinki ne? In ba ki faɗa ba, ta ina za ta sani? Shekara ashirin da shida kina cika mini kunne, ya yi zafi, ya yi zafi, in na yi shiru ki ranƙwashe ni. Kin bi malamar makaranta har gida kin wanke ta tas don ta yi miki kara. Yau ke aka zaunar a gaba aka tambaya, sai ki cije leɓe? Kin cuci kanki, kin ɓata wa yarinya aiki!"

Ran Balaraba ya ɓaci. Ta buɗe baki za ta rama, don ba ta saba a yi mata faɗa ta yi shiru ba, amma sai ta fasa. Maganarta ce aka dawo mata da ita, ko wasali ba a canza ba. Kunya ta rufe ta. Can ta ce a hankali, "Ɗauki hularki, kaji za su taka." Omowunmi ta ce su taka.

Da yamma Balaraba ta faɗa wa Malam Datti gaskiyar yadda aka yi. Abin da ya rage yana ci mata rai shi ne, kada ya zama ta yi wa Allah butulci, Shi da Ya bar ta da ido da ƙafa da 'ya'ya. Malam Datti ya daɗe yana juya tef ɗinsa a hannu kafin ya ce, "Gaya wa mai magani ciwo ba kai ƙarar Allah ba ne, Balaraba. Godiya daban, awo daban." Ya ƙara da cewa ranar Litinin ba zai fita kasuwa ba, tare za su je.

Ta sami Sista Immaculata a ɗan ofishinta. Ba ta tsaya dogon gaisuwa ba, don ta san in ta tsaya ba za ta iya ba. Ta cire takalmi ta ɗaga tafin ƙafa, ta shimfiɗa hannaye a kan tebur.

"'Yata, ƙarya na yi miki mako biyu. Ban taɓa kwana da uku ba."

Immaculata ta dafe kai. "Wayyo Mama! Wallahi da laifina. Na ga hannunki ranar nan, raina bai kwanta ba. Ni da aka haifa a garin nan, kakata ma haka take yi, ai ya kamata in gane. Na tambaye ki jiki, na liƙa lamba a bayan gaisuwa, ta yaya za ki raba su?"

Ta shiga wurin Dakta Badung, suka daɗe. Da ta fito ta ce ƙa'idar aikin ta yarda a sake awo sau ɗaya tak, bayan wata guda, kuma sai an rubuta dalili. Daga wannan babu wani. "Amma Mama, ki ji ni da kyau. Ban ce ki ce tara ba, ban ce ki ce goma ba. In kika ƙara don ki shiga, shi ma ɓarna ne. Da lambobin nan za a gane ko maganin na aiki, mutanen da ba ki taɓa gani ba da su za a yi musu hukunci. Abin da kika ji, shi kaɗai."

Wata ya cika, ƙarfe takwas waya ta yi ƙara. Wannan karon Sista ta canza salo. Ta gaishe ta tsaf, ta tambayi Baba, ta tambayi Kubra da yara, ta tambayi jiki, Balaraba ta ce da sauƙi, ta ce Allah Ya ƙara sauƙi. 

"To Mama, mun gama gaisuwa. Yanzu aiki. Daga jiya zuwa yanzu, nawa?"

 Ta dubi gwaba, ta dubi bokiti. Ta yi bisimilla a ranta kamar mai shirin tsallaka kwata.

"Tara."

Ta jira ta ji ko wani abu zai faɗo. Babu abin da ya faɗo, kaji na ta kiwonsu.

"Tara. Na rubuta," in ji Immaculata. "Sannu, Mama. Sannu ƙwarai."

Wannan sannun ce ta karya ta. Shekara biyu ana yi mata sannu, amma duk sannun ciwo kaɗan ce, tunda kaɗan take nunawa. Yau ne aka yi mata sannu daidai girman abin da take ɗauke da shi. Ta ajiye wayar ta yi kuka sosai, ita kaɗai a tsakar gida, ta wanke fuska, ta ji wani irin sakayau da ta manta da shi.

Daga nan bakin ya buɗe. Takwas, tara, takwas, bakwai. Akwai ranar da aka wuni ana ruwa, gari ya yi sanyi, abin ya ɗan lafa. Ta ji tsoron kada lambar ta sake fitar da ita, zuciya na ce mata ƙara ɗaya mana, wa zai sani. Ta ce shida, don shida ne. Da mako biyu suka cika aka ce ta shiga.

Aka ba ta 'yar roba fara, babu suna sai lamba a jiki. Ko na gaske ne ko wanda babu komai, ita ba ta sani ba, masu ba ta ma ba su sani ba. Makon farko cikinta ya ɗan lalace, ta yi ta zarya bayan gida. A da ko da wuƙa a wuya ba za ta faɗa wa 'yar cikinta irin wannan ba, amma da Sista ta ce yanzu aiki, ta faɗa har da sau nawa. Aka rubuta, aka ce ta yawaita shan ruwa, bayan 'yan kwanaki ya tsaya. Lambobi suka fara sauka a hankali, yau bakwai, gobe a koma takwas, jibi shida. Dakta Badung ya gaya mata kada ta ɗauka hantar ce ta warke, tana nan yadda take, za a ci gaba da lura da ita. Ya ce kuma akan sami wanda ke jin dama ko da ƙwayar da babu komai aka ba shi, sai an gama aikin gaba ɗaya za a san gaskiya. Ta ce ta ji, ita dai abin da ta ji a jikinta za ta faɗa, sauran lissafin nasu ne. Wata safiya Malam Datti ya dawo daga masallaci ya tarar ba ta ko motsa ba, sai da ya tashe ta sallah. Ya tafi kasuwa yana murmushi shi kaɗai, har abokan aiki na tambayarsa ko lafiya.

A mako na tara ta jawo gwangwanin madara daga ƙarƙashin gado, ta wanke mataji da tsinke da ruwan zafi. Ta kira Congo-Russia ta ce, "Maman Bisola, gobe Asabar ki zo da wuri, kafin rana ta yi." 

Bakwai da rabi Omowunmi na zaune a tabarma tsakanin gwiwoyinta. Gashin ya ƙara tsawo, furfura ta yi masa yawa, Balaraba ta taje tana mitar yadda aka bar shi ya cukurkuɗe. Hannun ya ɗan yi nauyi a layin farko, a na biyu ya tuna hanya. Rediyo na yi, suka koma kan maganar agushi daga inda suka tsaya. An kai layi na shida sai waya ta yi ƙara a kan taga. Hannayen Balaraba duk mai, ga gashi rabe uku a yatsu, sai Omowunmi ta miƙa ta ɗauko ta kara mata a kunne.

Aka gaisa, aka tambayi Baba da yara.

"To Mama, yanzu aiki. Daga jiya zuwa yanzu, nawa?"

 Da can amsar a kan harshen Balaraba take kwana. Yau sai da ta tsaya ta bi jikinta tana nema, tafin hannu, gadon baya, ƙafar dama. Can ta same shi a tafin ƙafar hagu, ya lafe, ɗan kaɗan.

"Jiya da la'asar ya ɗan taso, huɗu. Rubuta huɗu. Yanzu kam, 'yata, sai da na neme shi." Ta ja numfashi. "Ki yi haƙuri, sai gobe. Akwai kan mutum a hannuna."

Omowunmi ta sauke wayar, kafaɗunta sai rawa suke don kuka. Balaraba ta goge ido da damtse, don hannu ba ya sakuwa.

"Ke, daina motsi," ta ce. "Za ki karkata mini tsaga."